Sarki Kazu da Kofin da Ya Kuɓuce Masa

A shekarar 1982, Kazuyoshi Miura, yaro ɗan shekara 15 daga Shizuoka, ya bar makaranta da dangi, ya nufi Burazil neman sanin ƙwallon ƙafa. A can, inda ya kai ga buga wa Santos, ya ƙware a yankan da ya zama tambarinsa: sai ya zagaya ƙwallo da ƙafa bai taɓa ta ba, mai tsaron baya ya karkata, shi kuwa ya sulale ta hagu.

Bayan komawarsa gida a 1990, masoya suka laƙaba masa Sarki Kazu. Ya ci wa Japan ƙwallo 55 a wasa 89. Amma a 1998, da ƙasar ta samu zuwa Kofin Duniya karo na farko, mai horarwa Takeshi Okada ya cire sunansa ana dab da farawa.

Da wani ne, da zuciya ta sa ya ajiye wasan. Shi kuwa da gudu ya ragu, sai ya dogara ga sanin inda ƙwallo za ta faɗo. A 2017, yana ɗan shekara 50, ya ci wa Yokohama FC ƙwallo. Rabo ya hana shi wancan kofi, amma bai raba shi da sana'arsa ba.