Shirun Masoya a Ƙasar Rabah

Duk wanda ya zauna a garuruwan Rabah da Wurno da Goronyo ya san cewa mutanen wannan yanki ba su cika furta kalmar so ba. Matar aure ba ta kiran sunan mijinta, sai dai ta ce maigida ko Malam. Haka kuma uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, har ma takan yi kamar ba ta damu da shi ba. Baƙo zai iya ɗauka cewa zukatan nan a bushe suke. Alhali kuwa, a wannan al'ada, gwargwadon kusancin mutum da zuciya, gwargwadon nauyin sunansa a baki.

Alal misali, saurayi ya zo zance da dare, budurwa ta fito ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ba za ta ce tana sonsa ba, amma ta fito da wuri, ta karɓi toshinsa, ta kuma daɗe ba ta koma gida ba. Shi kuwa yakan nuna nasa son ne a fadama, inda zai taya mahaifinta dashen albasa ko yankan shinkafa. Dalili ke nan Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, John Bowlby, ya bayyana a littattafan da ya wallafa tsakanin 1969 da 1980 cewa ƙarfin shaƙuwa yakan fito fili ne a lokacin rabuwa. Tarihin wannan ƙasa ya riga shi nuna haka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu, shi ma ta yi masa marsiyya da Fillanci. Ashe abin da kunya ta rufe a zaman aure, mutuwa takan buɗe shi.

Sai dai akwai haɗari a cikin wannan shiru. Yarinyar da ke so takan sunkuyar da kai, wadda ba ta so ita ma takan sunkuyar da kai. Idan iyaye suka ɗauki shirun ƙi a matsayin shirun kunya, sai a ɗaura aure, a kai amarya, kafin damina ta kewayo an shiga yaji da biko, daga nan sai gaban alƙali. Shari'a ta karɓi shirun budurwa a matsayin yardarta domin ta san nauyin bakinta, ba domin a fake da shi a danne ta ba.

Saboda haka, aikin da ke kan iyaye shi ne rarrabe waɗannan shiru guda biyu. A da, kaka ko goggo ce kan ja yarinya ɗaki, cikin wasa da zolaya, ta jiyo abin da ba za ta iya faɗa wa mahaifinta ba. Gidan da ya riƙe wannan dabara ya kare kunyar 'yarsa, ya kuma kare aurenta tun kafin a karɓi sadaki.