Daminar mutanen tsauni

A watan Maris na 2022 wani ma'aikacin ruwa, haifaffen Damagaram, ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Moûtiers, cikin yankin Savoie na ƙasar Faransa, sanye da rigar sanyi ta aro wadda hannuwanta suka fi nasa tsawo. Wata huɗu ke nan yana istaj a Grenoble, sai wani abokin aikinsa Bafaranshe ya gayyace shi hutun mako guda a Val Thorens, cikin tsaunukan Alp. Ya daɗe bai amsa ba. Daminar 2021 ba ta yi kyau a gida ba, wansa kuma ya aiko masa cewa rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara. Ya aika abin da ya sawwaƙa, ya riƙe saura, ya ce wa ransa gani ya kori ji. Amma har ya shiga motar da za ta hau da su, zuciyarsa ba ta daina mayar da kowane yuro zuwa tiyar hatsi ba.

Daga Moûtiers zuwa Val Thorens kilometir 37 ne, kuma duk hawa ne, hanya na nannaɗewa a jikin dutse kamar rawani. Tun suna ratsa dajin itatuwa masu tsini har itatuwan suka gajarce, daga baya suka ƙare ƙaf, ba a ganin kome sai fari. Garin yana kan tsayin metir 2,300, babu wurin wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa ke kira ski, da ya kai shi bisa a duk Turai. Mutumin ya tuna darasin lakwal: ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi kowane dutse tsawo a Nijar, metir 2,022 ce. Ashe a daren nan zai kwana sama da ƙasarsa baki ɗaya.

Kwanan bai zo da sauƙi ba. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, abin da mutum ke shaƙa bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da yake samu a bakin teku ba. Ya hau matakala goma sha biyu da jaka a hannu, ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki. Kansa ya yi ta sara, barci ya ƙi zuwa. Ko ruwan shayi tafasa yake a wajen digiri 92, bai kai 100 ba. Da safe rana ta fito tas, amma ba ta da zafi sai haske, hasken kuma yana dawowa daga ƙasa ya soki ido, dole kowa ya sa baƙin tabarau.

Takardar izinin hawa injinan da ke kai mutane kan tsauni, ta yini guda kawai, a lokacin ta haura yuro 60, wato wajen jika 40, ban da hayar takalma da allunan zamiya da kuɗin malami. Da ita mutum ke yawo cikin kwaruruka uku da aka haɗe, masu hanyoyin zamiya na kilometir 600. An raba hanyoyin da launi: kore na ƴan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na waɗanda suka ƙware. Mutumin bai wuce kore ba. Malamin, cikin jajayen kaya, ya koya masa ya haɗa kawunan allunan ya buɗe dugadugansa in yana son tsayawa. Ya ji, ya gane, ƙafafunsa suka ƙi. Ya faɗi ta baya, ya faɗi ta gefe, yara ƴan shekara huɗu suna wuce shi a jere kamar ƴan agwagwa. Shi da ke sa hannu a takardun rijiyoyin ƙauyuka da dama, ga shi kwance yana jiran a miƙo masa sanda. A rana ta uku gwiwarsa ta kumbura, ya mayar da allunan.

Kumburin nan shi ya buɗe masa ido. Da ya rasa abin yi, sai abokin ya tura shi Saint-Martin-de-Belleville, tsohon ƙauyen da ke gangaren kwarin, wajen wani dattijo ɗan shekara tamanin da ɗoriya, aminin mahaifinsa. Dattijon ya zaunar da shi kusa da murhu, ya yanka masa cukun Beaufort, ya tambaye shi yadda ya ga wurin. Mutumin ya ce, “Baba, ku kam Allah ya ba ku arziki yana zubowa daga sama.” Dattijon ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, “Yaro, wannan da kake kira arziki, lokacin ƙuruciyata masifa muke ce masa.”

Sai ya ba shi labari. A da, in sanyi ya shigo, wata biyar ko shida ba a noma, ba a kiwo a fili. Mutane da shanu ƙarƙashin rufi ɗaya suke kwana don ɗumin dabbobi ya taimaka. Abincin da aka tara ba ya isar kowa, saboda haka da kaka ta wuce maza ke sauka su nufi Liyon da Pari. Waɗansu dako, waɗansu talla, yara ƙanana kuma ana zura su cikin bututun hayaƙi su kankare shi. In bazara ta zo su dawo da ɗan abin da suka ƙulle a tsumma. Kakan dattijon dako ya yi a Pari. Inda Val Thorens take yanzu kuwa makiyaya ce ta lokacin zafi, ba wanda ke kwana can da hunturu.

Mutumin ya yi shiru, don labarin yana da suna a harshensa: ci-rani. Mahaifinsa shekara ashirin yana tafiya Kano bayan girbi, yana ga-ruwa a unguwanni da garwa biyu a kafaɗa, da kuɗin nan aka saya masa littattafan lise. Tun yana yaro ya ɗauka ci-rani gadon ƙasar da ba ta da ruwa ne. Ga shi a tsakiyar Turai, a ƙasar da ruwa ke daskarewa har ya rufe ƙofa, ana ba shi labarin ubansa.

Ya tambaya, to me ya sauya? Dattijon ya ce ƙanƙara ba ta sauya ba, hanya aka yi. Tsakanin 1964 da 1977 gwamnatin Faransa ta bi wani shiri na gina garuruwan zamiya a kan tsaunuka: aka karɓi filaye, aka shimfiɗa kwalta, aka ja wuta da ruwa, aka ba da bashi. An buɗe Val Thorens a ƙarshen 1971. A 1992, da aka yi wasannin Olamfik na hunturu a Albertville, an yi ɗaya daga cikin gasannin a Les Menuires, cikin wannan kwari. Ba kowa ya ji daɗi ba, in ji shi, akwai waɗanda suka rasa makiyayarsu, akwai jikokin da yau ba su iya sayen ɗaki a ƙauyen kakanninsu. Amma ci-rani ya juya: yanzu samari ne daga wasu garuruwa da wasu ƙasashe ke hawowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Mayu, suna wanke kwanoni da gyaran gadaje, suna kwana uku-uku a ɗaki.

Abin da ya fi tsaya wa ma'aikacin ruwa a rai shi ne tafkunan da ya gani an haƙa a kan tsauni. Daga cikinsu ake tura ruwa da iska mai ƙarfi ta bakin waɗansu injina, in dare ya yi sanyi sosai, su fesa shi ya sauko dusa. Metir kib ɗaya na ruwa na ba da wajen biyu na dusar. Noman rani ke nan, ban-ruwa don maye gurbin abin da sama ta rage. Gama sanyin yana ja da baya. A da har da zafi ana zamiya kan ƙanƙarar dutsen Péclet, an daina. Ƙananan wurare da ke ƙasa-ƙasa suna rufewa, Val Thorens kuwa tsayinta ke kare ta. Dattijon, da duk arzikin kwarinsa, kowace safiya sai ya leƙa taga ya dubi sama, da irin kallon da wan mutumin ke yi wa gabas a watan Yuni.

Ran 15 ga Maris sama ta yi ja. Iskar kudu ta kwaso ƙurar Sahara ta tsallake Bahar Rum da ita, ta zube a kan tsaunuka, farin nan ya koma launin ƙasar tukwane. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto. Ma'aikatan wurin ba su yi murna ba, don dusar da ta yi duhu ta fi shan rana, ta fi saurin narkewa. Mutumin ya shafi hannun rigarsa ta aro, ya dubi yatsunsa, ya ga abin da matarsa ke sharewa daga kan tabarma kowace safiyar hunturu. Abokinsa ya dafa shi ya ce, “Ƙasarku ta biyo ka.”

Da dare ya kira wansa. Ya ce, “Yaya, na ga inda ake sayar da sanyi, har da layi.” Wan ya tambaya ko su ma suna jiran damina. Ya ce suna jira, tasu fara ce, kuma ta fara yi musu gardama. Sai wan ya koma kan batun rumbu, ya ce tiya ta ƙara kuɗi a kasuwar Dole. Akwai sauran kwana biyu cikin hutun, kuma an shirya hawa Cime Caron, mai metir kusan 3,200, inda ake hango Mont Blanc. Washegari mutumin ya biya ya hau sau ɗaya, ya kalla har idonsa ya yi ruwa. Kuɗin yinin ƙarshe kuwa, da ya sauka Moûtiers, ya aika da su gida.