Yaran da ba su san bauri ba

Shekarar da muka je horo Faransa, abokan aikinmu na Bordo suka gayyace mu tuwon dare. Ni ruwa na sha, su kuwa suka jera kofuna suna gwada giyar inabi. Jar tana da bauri, in ji su, saboda ɓawon da ake jiƙawa tare. Ta Sauternes zaƙi gare ta, don sai fumfuna ta tsotse ruwan ƴaƴan kafin a tsinke. Awa guda suna musu kan ɗanɗano!

Da na komo Maradi, na kai wa ƴan ajina goro, tsamiya da aduwa. Amsarsu "da daɗi" ko "ba daɗi". Biyu kaɗai suka san kalmar bauri, kuma dukansu hannun kaka suka tashi.