Yaushe Kwamitin Makaranta Zai Daina Bincike Ya Kama Aiki?

Na yi shekaru ina cikin kwamitin COGES na makarantar unguwarmu, kuma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne neman dalili. Me ya sa yaro zai kai ajin CE1 bai iya haɗa baƙi da wasali ba? Mu zauna a Oktoba, mu sake zama a Disamba, amsa ba ta canzawa: ba a fara karatu sosai sai an yanke karan gero an kafa rumfuna, littafi ɗaya na yara uku ne, ranar kasuwa aji ya rame, ƴan mata suna talla.

Bincike yana da amfaninsa. Idan rijiya za a haƙa ko aji za a gina, kuɗin iyaye ne mai yawa, kuma in an yi kuskure ba a komawa baya. A nan kam sauri kan haifi nawa. Amma yawancin matsalolinmu gyaransu ba ya da tsada haka.

Ni dai ma'aunina uku ne. In an yi zama biyu babu wanda ya kawo sabon dalili, bincike ya isa. In gyaran yana hannunmu, ba sai mun jira Yamai ba, a fara. In kuma za a iya gwada shi wata ɗaya a janye ba tare da asara ba, zama na uku ɓata lokaci ne.

Ga misali. A raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya karantawa, a ba su awa ɗaya da yamma sau uku a mako, da malami guda da uba ko uwa mai sa ido. Bayan wata ɗaya a sake gwada su da takardar da aka gwada su da ita tun farko. Wannan gwaji zai faɗa mana abin da taro goma bai faɗa ba.

Shirin "Makaranta don Kowa" da aka fara a jihar Tawa a 2004 da tallafin Japan, a kan haka ya ginu: iyaye su zaɓi kwamiti, su tsara aikin da ƙarfinsu zai iya, su aikata.

Malamai da iyaye, mu tuna shekarar karatu wata tara ce kawai. Duk zaman da muka tashi ba mu ce wane zai yi kaza ran kaza ba, daga cikin watannin yaron muka ɗiba.