Kayen Inna

Akwai wani kaye mai shafi 200 da Inna take ajiyewa cikin jakar lakwal ɗinta, tsakanin littafin kiran suna da gwangwanin alli. Bangonsa ya daɗe da cirewa, ta liƙa masa kwalin sukari. Tun ina ƙarama nake ganin shi, amma ban taɓa buɗe shi ba sai hutun bara da na zo gida daga Yamai. Kuma gara in faɗi gaskiya tun farko: kuskure na shiga nema a ciki.

Inna malamar firamare ce a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Yara Madam suke ce mata. Ta fi shekara 15 tana riƙe da alli, mafi yawansu a matsayin ƴar kwantaragi, kuma kusan kullum ajin farko ake ba ta, wato CI, saboda sauran malamai gudun shi suke yi. Ajin nata rumfar kara ce, sai an gama girbi iyaye sun kawo kara sannan a kafa ta, don haka ko an ce an koma lakwal a watan Oktoba, ita karatunta na gaske sai Nuwamba. Yara sama da 70 ne a gabanta, kuma ranar da suka fara zuwa babu ko ɗaya da ya san kalma biyar ta Faransanci.

Abin da ke cikin kayen shi ne duk inda yara suka tsaya cak, da dabarar da ta yi har suka wuce. Wani shafi na haruffan da ke rikita yaro in ya tashi daga Hausa zuwa Faransanci ne: "u" ɗinmu a can "ou" ake rubuta shi, "sh" ɗinmu a can "ch" ne, shi kuwa "c" na "ciki" da "cokali" in ya shiga Faransanci sai ya koma "k" ko "s". A wani shafin ta rubuta cewa kada a wahalar da kai wajen bayanin baƙi da wasali, yaran sun zo da su daga makarantar allo. Akwai kuma shafi guda na lissafin kuɗi, wanda zan dawo kansa.

Ni a lokacin na gama shekara ta biyu a sashen kimiyyar harshe, kaina ya cika da ƙa'idojin rubutu. Na ga ta rubuta "biyat" da "tahi" da "hwara", sai na ce, "Inna, ai wannan ba daidaitacciyar Hausa ba ce. Biyar ake rubutawa, da tafi, da fara." Inna ba ta kiran sunana don ni ce ta fari. Ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Ke ƴar jami'a, na san abin da anka rubuta cikin littahi. Wanga da kika gani, abin da ke bakin yaro ne. In ban hwara daga nan ba, daga ina zan hwara? Sai ya yarda magana tai ce ke bisa allo, kana in nuna mai yadda ake rubuta ta." Na yi shiru, amma ban yarda ba. A raina na ce ai ƙwararru sun riga sun gama wannan magana.

Wata uku bayan haka na samu sitaj a wani taron bita na kwana biyar a Yamai, inda ake duba fassarar darussan lissafi na ƙananan azuzuwa zuwa Hausa. Aikina ɗaukar bayani ne da raba takardu. Waɗanda ke zaune a tebur mutane ne masu ilimi na gaske, wasu ma littattafansu muke karantawa. Da na ƙirga, sai na ga cikin mutum wajen 30 malami ɗaya ne tak wanda har yanzu yake shiga aji kullum, shi ma ranar ƙarshe aka gayyato shi, ranar amincewa da aikin da aka riga aka gama. Kujerarsa tana can baya kusa da tawa.

A rana ta uku aka zo kan wani lissafi: yaro ya sayi ƙuli-ƙuli na 100 F, an fassara shi da "na ɗari". Nan shafin Inna ya faɗo mini. Kowa a ƙasar nan ya san da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Abin da aka rubuta 100 F a kasuwa dala ashirin ne. In ka ce wa yaron Maraɗi "ɗari", 500 F ya ji. Jika kuma 1000 F ce, wato dala 200. Yaron da ke tallar goro tun yana shekara shida ya fi ni saurin canji, amma in malami ya rubuta 100 ya ce "ɗari", sai yaron ya ba da amsar da ta ninka ta littafi sau biyar, a ce ba ya jin lissafi. Inna ta rubuta cewa ita mako biyu take yi da tsabar kuɗi na gaske a hannu, tana nuna musu lambar da ke jikin ƙarfen da sunan da ake kiran shi a kasuwa, kafin ta taɓa wannan darasi.

Na ɗaga hannu, murya na rawa, na faɗi wannan. Aka yi dariya irin ta wanda aka tuna masa abin da ya sani, aka ce gaskiya ne, a rubuta, za a duba. Lokaci ya ƙure, aka wuce. Ba na zargin kowa da mugun nufi, su ma da dala suke cefane. Sai dai an daɗe rabonsu da tsayuwa gaban yaro mai shekara bakwai yana kallonsu bai gane ba. Ni kuwa da na koma ɗaki daren nan, abin da ya hana ni barci shi ne, hanyar da nake kai ta zama ɗaya daga cikin masu wannan tebur ce, kuma na riga na fara gwadawa a kan Inna.

Ba wai malamai ba su da inda suke magana ba ne. Da na zauna na lissafa, wurare uku na gani. Na farko sandika, irin su SNEN da SYNACEB, waɗanda su ne ke zama da gwamnati. Na biyu CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna suke haɗuwa su tattauna yadda ake koyarwa. Na uku kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, inda darakta da iyayen yara suke zama. Kowane yana da amfaninsa, kuma kowane yana da iyaka.

COGES zancen rumfa ne da tebur da rijiya da yaran da aka cire daga lakwal, ba ya taɓa manhaja. CAPED nan ne ilimin aji yake, nan ne wata malama za ta ce ga yadda nake yi, wata ta ce ni kuma ga tawa. Amma a yadda Inna take ba ni labari, hanyar ta fi gangarowa daga sama: a zo da sabon tsari, a koya musu, a rubuta rahoto, a watse. Ba ta taɓa ganin abin da suka faɗa ya dawo cikin littafi ba. Sandika kuwa tana da murya, har ƙasa duka takan ji ta, sai dai ƙarfinta kan ƙare wajen alawus da aka yi jinkirin biya da zancen ɗaukar ƴan kwantaragi aikin dindindin. Ban ga laifinsu ba. Na san watannin da muka ci bashin hatsi a gidanmu muna jiran kuɗin Inna. Wanda bai ci ba, ba za ka tambaye shi ra'ayinsa kan harafin "c" ba. Amma sakamakon shi ne, in aka ce muryar malamai, abin da ke zuwa ran mutane yajin aiki ne kawai.

Ina aji na biyu a kwaleji lokacin da aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a watan Yulin 2017. Kafin nan binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa sama da yara 9 cikin 10 da ke ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba, don haka dole a yi wani abu. Ƙungiyoyin malamai suka ce kada a shiga. Inna ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba: in ta je ta ci amanar ƴan uwanta, in ta ƙi aikinta na iya tafiya, ga mu mu biyar. Ta je, ta ci. Da sakamako ya fito, wajen ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki, dubban malamai kuma suka rasa kwantaraginsu. Abin da Inna take faɗa har yau shi ne, ita ba ta ƙi a gwada malami ba, don ta san akwai waɗanda aka tura aji ba tare da horo ba. "Amma da an zamna da mu tun hwarko, da mun hwaɗi ta yadda za a gwada mu, da abin da za a yi ma wanda ya kasa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun 5 ga Oktoban 1966, a birnin Paris, UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, inda aka ce a riƙa sa ƙungiyoyinsu cikin tsara manufofin ilimi, a kuma ba malamai babban gurbi wajen zaɓen littattafai da hanyoyin koyarwa. Saboda wannan rana ce ake bikin ranar malamai ta duniya kowace 5 ga Oktoba. Mu ma a nan, koyarwa da harsunanmu ta girmi Inna: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko ta Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, dokar 2001 ta lissafa su guda 10. Shekara 50 da ɗoriya ke nan malamai suna tara sani kan yadda ake wannan aiki. Nawa ne cikinsu suka yi ritaya da nasu kayen a akwati?

Yanzu kuma maganar ta ƙara nauyi. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A jami'a mun yi ta muhawara har dare, wasu na murna, wasu abokanmu masu Zabarmanci da Fulatanci na tambayar makomar nasu harsunan, kuma tambayarsu tana kan hanya. Amma duk abin da za a yanke kan makaranta, wanda zai ɗauke shi ranar Litinin da safe malami ne. Wace Hausa za a sa a allo a Tawa, inda bakin yaro ya bambanta da na Damagaram? Yaya malama Bahaushiya za ta yi in an tura ta garin da rabin ajin Fulatanci suke ji? A wane aji Faransanci zai shigo? Mu masu nazarin harshe muna da rabin amsa. Sauran rabin yana rumfunan kara.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa ƙarami ne. Inna da wasu malamai 11 na yankinsu suna adashi tun da daɗewa, ƙarshen kowane wata. A hankali zaman ya koma rabi zubi rabi zancen aji, har suka buɗe zaure a WhatsApp suna tura wa juna muryoyi. Ba su da suna, ba su da hatimi, babu kuɗin zama. Bana sun yanke shawarar haɗa abin da kowa ya gani a takarda ɗaya, shafi shida, su ba wakilin sandikarsu da mai ba su shawara kan koyarwa, kowa kofi guda. Ni na buga musu ita a kwamfuta. Buƙatunsu uku ne: a riƙa kiran malaman da ke aji tun ranar farko ta rubuta littafi, ba ranar tafi ba, a gwada kowane sabon darasi a ajin ƙauye kafin a buga shi, kuma in malamai sun aika da gyara, a ba su amsa a rubuce, ko da a'a ce. Wata huɗu ke nan da miƙa ta. Har yanzu shiru, amma wakilin ya ce ya karanta ta a zamansu na jiha, wasu daga wata gunduma sun nemi kofi.

Na roƙi Inna ta ba ni kayen in yi kundin kammala karatuna a kansa. Ta tambaye ni, "In kin rubuta, mi za a ce da mu a ciki?" Na ce a tsarinmu "masu ba da bayani" ake cewa. Ta ce, "To, ba mu yarda ba. Mu munka yi aikin, ke kika zo daga baya." Na kai wannan magana wurin malamin da ke duba aikina, ina jin tsoro. Ya yi dariya ya ce Madam ta fi mu gaskiya, in nemi hanyar da za a rubuta su a matsayin abokan aikin.

Ta ba ni kayen, amma aron mako ɗaya kawai. Na kwana biyu a shagon fotokofi kusa da tasha, na mayar mata da shi ranar Lahadi da yamma ta hannun wani direban garinmu, don Litinin tana da darasin kuɗi.