Ƙiyasin Yadin Bargon Haɗe-haɗe

Bargon haɗe-haɗe hawa uku ne: fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙananan ƙyallaye, ciki, inda ake shimfiɗa auduga ko tsohon bargo, sai shafi, wato bayan da ke taɓa jiki. Ana ɗinke ukun wuri ɗaya don kada cikin ya dunƙule, kamar yadda masu lifidi ke ɗinke audugar rimi tsakanin yadi biyu. Waɗanda suka tsufa a kan keken ɗinki sun haɗu a kan abu guda: yawancin bargon da ya lalace, tun a shagon mai yadi ya lalace, ranar da aka sayi kaya ba tare da lissafi ba.

Aikin yana farawa ne daga gado. Mutanen da suna auna tufa da taƙi da kamu da gaba, kuma awon ya yi musu aiki saboda hannun da ya auna shi ne ke yanka. Amma kamun dogo daban da na gajere, don haka yau tef ne alƙali. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91.44, mita kuwa ta ɗara inci 39 kaɗan. Mai saye a Kantin Kwari da yadi zai yi magana, na Maraɗi ko Damagaram sau da yawa da mita, kuma mita goma sun kusa yadi goma sha ɗaya. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tsofaffin teloli sun yarda da haka a wajen kallon ingancin yadi, amma in aka zo ga tsawo sai su ɗauko tef.

A ɗauki katifa mai ƙafa shida tsawo, ƙafa shida faɗi, wato inci 72 ta kowane ɓangare. Bargon da ya tsaya daidai bakin katifa ba ya rufe mutum biyu a daren hunturu, domin kowa ya juya sai ya janye wa ɗan'uwansa. Saboda haka ake ƙara inci 9 dama, 9 hagu, 8 ta wajen ƙafa. Bargon ya zama inci 90 faɗi, 80 tsawo. A kan waɗannan lambobi biyu sauran lissafi yake tsayawa, kuma rubuta su ake yi, ba a barin su a ka.

Na biye shi ne faɗin yadin da za a saya. Atamfa takan kai inci 45 zuwa 48, amma bakinta na gefe, inda kamfani ke buga suna, ba ya shiga ɗinki. Mai hattara yakan yi lissafi da inci 44 kawai. Shadda da wasu yadikan gado sun fi haka faɗi, shi ya sa ake auna faɗin a gaban mai shago kafin a faɗi yawan da ake so.

Lissafin fuska ne ya fi kayar da sabon hannu. Idan ana son kowane ƙyalle ya fito inci 5 ta ko'ina, za a jera 18 a faɗi, 16 a tsawo, jimla 288. Sai dai ɗinki yana da nasa cin. Kowane gefe yana ba da rubu'in inci ga allura, don haka inci biyar da rabi ake yankawa. Faɗin inci 44 yana fitar da ƙyalle 8 a layi ɗaya, ana bukatar layi 36, tsawonsu ya kama inci 198, yadi biyar da rabi ke nan. Wanda ya manta cin ɗinki zai sayo yadi biyar kawai, ya iske layukan ƙarshe babu abin ɗinka su. Ƙyallaye na ƙanƙancewa, cin ɗinki na ƙaruwa. Mai son zane mai ƙananan gidaje ya shirya wa ƙarin kuɗi.

Idan launi biyu za a haɗa rabi da rabi, kowanne zai ci inci 99. A nan ne dattawan sana'a ke ƙara kashi ɗaya cikin goma, su sayi yadi uku-uku. Dalilansu uku ne. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, inci ɗaya ko fiye a kowane yadi. Almakashin mai shago ba kullum yake tafiya a miƙe ba, kuma daidaita bakin yana cin wani abu. Hannu ma yakan kuskure yanka. Komawa kasuwa neman ciko kuwa ba tabbas: ko an dace da zanen, rinin wani bandir yakan saɓa wa na wani, bambancin da ba a gani a cikin shago sai an shanya bargo a rana.

Shafi da ciki ana yi musu rarar inci 3 ta kowane gefe, saboda ɗinkin da ke ratsa hawa ukun yana jan su. Ana neman inci 96 da 86 ke nan. A nan juya yadi yake da riba. In aka kwantar da tsawon yadin a kan faɗin gado, yanki biyu masu inci 96 sun isa, inci 192 gaba ɗaya, kuma turmin atamfa mai yadi shida, inci 216, ya biya bukata. In aka bi tsawon gado, sai an haɗa yanki uku masu inci 86, abin ya haura yadi bakwai, a taɓa turmi na biyu. Atamfa mai zanen da ke da sama da ƙasa, irin mai tsuntsu ko bishiya, ba ta yarda a juya ta. Mai son ta ya san zai biya kuɗin wannan sha'awa.

Saura bakin bargo. Kewayensa inci 340 ne, ana ƙara kaɗan saboda kusurwoyi da mahaɗa. Ana yanka dogayen zirin inci biyu da rabi guda 9, su ci inci 22 da rabi. A takarda ragowar turmin shafi ta isa, amma bayan wanki takan gaza, don haka ake saya wa baki nasa yadi ɗaya daban, galibi mai duhu, tunda nan ne hannu ya fi kamawa, nan datti ke fara zama.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ana wanke yadikan daban-daban, a goge su. Wankin yana fitar da sitaci, yadi ya gama tsukewarsa, mai zuba kuma ya tona kansa. Ja ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata farin ƙyalle ɗari. Masu gaggawar tsallake wannan mataki su ake tuna wa cewa sauri ya haifi nawa.

Jimlar sayayyar gado mai ƙafa shida ita ce yadi shida na fuska, turmi ɗaya na shafi, yadi ɗaya na baki, da ciki mai inci 96 da 86. Mai tarin ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin Sallah zai rage kuɗin fuska, muddin ya ware masu kauri ɗaya ya ƙirga su tun kafin ya fita kasuwa. In gado ya fi wannan ko bai kai ba, lambobin ne za su sauya, tsarin yana nan: a auna gado, a auna faɗin yadi, a lissafa cin ɗinki, a ƙara kashi ɗaya cikin goma, sannan a saya duka a rana ɗaya.