Kukan jinjiri magana ce

'Yan uwa, bari in ba ku labarin gidana.

Bara da damina ɗiyata ta zo wankan gida nan Bazaga. Haihuwarta ta fari ke nan. Jinjirin bai cika kwana 30 ba, sai ya fara kuka. Tun magariba har tsakar dare. Ɗiyata ba ta barci, duk ta rame.

Kowa da dabararsa. Uwar mijina ta ce: "A ba shi bauri, cikinai ka ciwo." Ƙanena mai aiki Yamai ya ce: "Ku bar shi shi yi ta kuka. Haka Turawa ka yi, yaro shi koyi kwana shi kaɗai."

Gaskiya ne, a 1985 wani likitan Amurka, Richard Ferber, ya rubuta littafi kan haka. Amma dabararsa ba ta sabuwar haihuwa ba ce. Ta yaron da ya kai wajen wata 6 ce, kuma uwa tana leƙa shi lokaci lokaci.

Ni dai gabana ya faɗi, don na tuna ɗana na fari. Shi ma ya yi ta kuka, na ce rigima ce. Ashe masassara ce. Sai da muka kwana biyu kana muka kai shi Ƙonni. Da ƙyar ya tashi.

Shi ya sa da safe muka kai jikana gidan likita. Ungozoma ta duba shi. Jikinsa ba zafi, yana tsotso sosai. Ta ce jarirai da yawa sun fi kuka wajen kwana 40, kuma yana raguwa a wata 3 ko 4. Cikin jinjiri ƙarami ne, sai ya sha nono sau 8 ko fiye, dare da rana. Kafin wata 6, nono kaɗai: ba ruwa, ba bauri. In ya ƙi nono ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita nan take. Kome fushi, kada a jijjiga shi, don ana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Muka raba dare. In ya ƙoshi, ni nake goya shi, uwarsa ta runtsa. In ya yi barci, mu kwantar da shi rigingine cikin sange.

Yau yana tafiya, yana kwana lafiya lau.

Jinjiri bai iya cewa yunwa ko ciwo ba. Kuka ne bakinsa. Mu fara saurare, kana mu nemi dabara.